Yaro Ba Ya Jiran Mai Kyamara

A makon jiya na yi muku alkawarin yau za mu ƙarasa zancen tsofaffin gidajen sinima waɗanda suka koma ɗakunan ajiyar kaya. Ina roƙon ku gafara, domin wani al'amari ya gitta wanda ya fi wancan gaggawa. Shi ginin sinima ko an bar shi mako guda ba inda za shi, amma abin da zan yi magana a kansa yau, kullum garin Allah ya waye sai ya ƙara nisa.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan mun gama haɗa shafuka, wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata da ke zaune a Agege, ya iske ni a ofis. Shekararsa 23, ya gama karatu, aiki bai samu ba, kuma tun yana ƙarami ba shi da zance sai na fim. Ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, kalli wannan tukuna, sa'an nan mu yi magana."

Abin da na gani bai wuce na minti biyu ba. Ga wani yaro siriri mai manyan idanu yana tafe a gefen layin dogo, riƙe da ƙullin kayansa. Ga wata mace a bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi. Sai makara a kafaɗun mutane, sai wasu samari a lungu sun zare wuƙaƙe, sai amarya a lulluɓe, duk ana yi kiɗa na tashi yana sauka. A tsakiya yaron ya ɗaga kai ya tambayi uwarsa, da wata 'yar siririyar murya, yaushe za a zo a ɗauko shi. Ba zan ɓoye muku ba, hoton ya fita, kuma tambayar nan ta yaron ta taɓa ni ƙwarai.

Ya ce wannan ita ce tirelar fim ɗin da yake shirin yi. Labarin wani yaro ne ɗan shekara 12, haifaffen Agege, wanda ubansa mai fataucin shanu ya rasu, aka tura shi wurin baffansa a wani ƙauye na ƙasar Katsina inda bai san kowa ba, Hausarsa ma dariya ake yi mata. Can zai tashi, ya sha wuya, ya yi hankali, ya komo Ikko yana ɗan shekara 20 ya tarar uwar ta yi wani aure, gidan da ya sani kuma ya zama na wasu. Bukatarsa gare ni ita ce in yaba tirelar a wannan fili, ko Allah ya sa wani mai hali ya gani ya zuba jari.

Na ce masa, to, ina rubutun labarin? Ya nuna kansa da yatsa ya ce, "Yana nan, Yaya." Na ce da wane kuɗi aka ɗauki wannan? Ya ɗan sunkuyar da kai ya ce kwasar adashin Inna ce, ta ba shi aro ya yi hayar kyamara da fitilu na kwana biyu. Na ce yaushe aka ɗauka? Ya ce wata takwas ke nan. Na ce yaron fa, shekararsa nawa yanzu? Ya ce ya kusa 13. Daga nan na ajiye wayar a kan tebur, na ce ya jawo kujera ya zauna.

Kafin in ci gaba, bari in warware wa dattawanmu wata kalma, kada su zaci babbar motar nan mai ɗaukar buhunan masara nake nufi. A bakin 'yan fim, tirela ita ce gajeriyar tallar da ake tsakurowa daga cikin fim a nuna wa jama'a kafin ya fito. Asalin sunan ɗaya ne da na motar, watau abin da ke biye a baya, domin a farkon zamanin sinima a Amurka bayan an gama fim ake nuna ta. Da aka lura mutane na tashi su fice ba su tsaya kallo ba, sai aka maido ta gaba, sunan kuwa ya zauna. Masu tarihin sana'ar suna kai farkonta ga shekarar 1913, sa'ad da wani mai tallar gidajen sinima ana ce da shi Nils Granlund ya haɗa ɗan gajeren hoto don tallar wani wasan dandamali a birnin New York. Ko a sunanta dai tirela mai bin baya ce. Ƙanena ya ƙera tasa tsaf, kan motar da zai ja ta kuwa ko zanensa ba a yi ba.

Amma ba wannan ne ya fi tayar mini da hankali ba. Irin fim ɗin da ya zaɓa shi ne abin dubawa. Fim na soyayya ko na yaƙi ko na ban dariya, in kuɗi ya yanke ana iya jingine shi shekara guda a komo a ci gaba, domin ɗan shekara 30 da ɗan 31 kusan kamarsu ɗaya, in dai bai yi teɓa ba. Fim ɗin tasowar yaro dabam yake. Kayan aikinsa na farko jikin yaro ne da muryarsa, su kuwa ba su san an tafi hutun neman kuɗi ba. Tsakanin shekara 12 da 14 yaro yakan yi tsawo a 'yan watanni har wandonsa ya ɗage, fuskarsa ta miƙe, gashin baki ya soma tsirowa, murya ta buɗe ta yi kauri. Wannan canji shi ne ainihin abin da irin wannan fim yake son nunawa, kuma shi ne yake iya kashe shi tun ba a kai rabi ba.

Ba ƙanena ne farkon wanda ya ɗauki ɗan hoto da kuɗin gida don ya jawo masu jari ba, kuma ba na son a ce na raina dabarar. Babban daraktan nan na ƙasar Indiya, Satyajit Ray, haka ya fara. A shekarar 1952 ma'aikaci ne a wani kamfanin talla a birnin Kalkata, bai taɓa yin fim ba, mai riƙe masa kyamara ma, Subrata Mitra, saurayi ne da bai wuce shekara 22 ba, bai taɓa ɗaukar hoto mai motsi ba. Ray yana son ya mayar da wani littafi na harshen Bengali, Pather Panchali, ya zama fim, watau labarin wani yaro Apu da yayarsa Durga waɗanda suka tashi cikin talauci a ƙauye. Ya zagaya wurin masu kuɗi da littafin zane-zanen da ya yi na fitowa bayan fitowa, suka ga ba rawa, ba fitaccen ɗan wasa, suka juya masa baya. Sai ya yanke shawarar farawa da abin da ke aljihunsa, yana ɗauka a ranakun hutun ƙarshen mako, da fatan in sun ga hoto a allo za su saki hannu.

Ranar farko, cikin watan Oktoba na 1952, suka fita wani fili mai dogayen ciyayi masu farin fure, inda yaran biyu za su ga jirgin ƙasa karo na farko a rayuwarsu. Suka ɗauki wani ɓangare na fitowar, suka ce sai mako mai zuwa. Da suka komo sai suka tarar shanu sun cinye furen ƙaf, dole aka jira wata kakar ta zagayo. Kuɗi ya ƙare, Ray ya sayar da faya-fayen kiɗansa, matarsa ta ba da gwala-gwalanta aka jinginar, aiki ya tsaya cik wata da watanni. A ƙarshe gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ce ta ba da rance, kuma da yake sunan fim ɗin yana nufin waƙar hanya, a ƙarƙashin kuɗin gyaran hanyoyi aka rubuta shi a littafin gwamnati. Fim ɗin bai fito ba sai 1955, a shekara mai biye kuma ya sami lambar yabo a bikin fina-finai na Cannes a ƙasar Faransa.

Dalilin da ya sa na kawo wannan labari shi ne abin da Ray da kansa ya faɗa daga baya, cewa abubuwa uku ne suka cece shi cikin shekarun nan na jira, kuma ba ko ɗaya da ke hannunsa. Muryar yaron ba ta buɗe ba, yarinyar ba ta yi girman da za a gane ba, tsohuwar da ta fito a matsayin gwaggonsu kuma, Chunibala Devi, wadda ta kai shekara 80, ba ta mutu ba. A shekarar da fim ɗin ya fito ta rasu. Wanda ya yi nasara ke nan yake gaya mana da ƙyar ya sha. Waɗanda muryar yaransu ta buɗe a tsakiyar aiki ba mu san sunayensu ba, domin fina-finansu ba su fito ba. A kuma lura, Apu na Ray bai kai shekara 10 ba sa'ad da aka fara, na ƙanena kuwa yana bakin 13. Sa'an nan shi Ray yana da littafi a hannu da zanen fitowarsa, ya san inda za shi.

To, yaya masu sana'ar suke yi da wannan matsala? Hanya mafi sauƙi duk wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya ya san ta: yaro ya saci burodi ya ruga, kyamara ta bi ƙafafunsa, kafin ta ɗago sai ga ƙato irin su Amitabh Bachchan yana gudu, shekara 20 ta wuce a taki uku. Dabara ce mai kyau in ƙuruciyar share fage ce kawai, amma ga wanda tasowar ita ce labarinsa, ya tsallake abin da aka zo kallo. Wasu kuma sukan raba rayuwar kashi-kashi, kowane kashi da ɗan wasansa. Ray da ya ci gaba da labarin Apu a fina-finai biyu, a 1956 da 1959, mutum huɗu ne suka ɗauki sunan daga farko zuwa ƙarshe.

Akwai kuma hanyar da aka bi a Shaihu Umar, littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, aka gyara shi aka sake nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Can dattijon malami ne zaune cikin almajiransa yana ba su labarin yadda aka sace shi yana ƙarami, aka ƙetara da shi Sahara, ya tashi a hannun wani Balarabe, uwarsa kuma ta bi sawunsa har ta faɗa cikin bauta. Da yake bakin babba ne ke ba da labarin, mai kallo yakan yarda da duk yaron da aka nuna masa aka ce shi ne Umar, kuma ana iya tsallake shekaru ba tare da an ji giɓi ba. Na gaya wa ƙanena ya nemi wannan ya kalla, domin labarinsa na yaron da aka raba da uwa jikan wancan ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Sai hanyar da ba kowa ke da ƙarfin halin binta ba. A 2002 wani darakta ɗan jihar Texas ta Amurka, Richard Linklater, ya ga shi ba zai yi wa lokaci dabara ba, binsa zai yi a sannu. Ya zaɓi wani yaro, Ellar Coltrane, wanda bai wuce shekara 7 ba, ya ɗauki Patricia Arquette ta zama uwa, Ethan Hawke ya zama uban da suka rabu da ita, 'yarsa ta cikinsa Lorelei ta zama yayar yaron. Kowace shekara sai su taru kwana uku ko huɗu, su ɗauki abin da zai ba da kimanin minti 15 na fim, kowa ya koma harkarsa. Haka suka yi ta yi har 2013, sa'ad da yaron ya isa shiga jami'a. Fim ɗin, mai suna Boyhood, ya fito a 2014, tsawonsa minti 165.

Wani zai ce ai wannan sa'a ce kawai. Lalle akwai sa'a, amma shirin da ke ƙarƙashinta ya fi na yawancin fina-finai. Ta wajen kuɗi, kamfanin IFC ya yi alkawari tun farko zai riƙa ba da kimanin dala 200,000 kowace shekara, yana sane ko kwabo ba zai komo masa ba sai bayan shekara 12. Ta wajen kayan aiki, a shekarun nan ne kyamarori masu aiki da kwamfuta suka yi ta canzawa, saboda haka Linklater ya tsaya a kan tsohon zaren fim mai faɗin milimita 35 daga farko har ƙarshe, don kada hoton 2002 ya bambanta da na 2013. Doka ma ba ta taimake shi ba, domin a jihar Kalifoniya, tun shari'ar da 'yar wasa Olivia de Havilland ta yi da kamfanin Warner ta ci a 1944, ba a iya ɗaure ɗan wasa da yarjejeniyar aiki fiye da shekara 7. Ba wanda aka iya sa shi ya sa hannu a kan shekara 12 ke nan, amana ce kaɗai ta riƙe su. Har mutuwa sai da aka yi wa tanadi, gama Linklater ya gaya wa Hawke in ta Allah ta kasance a kansa, shi zai ƙarasa aikin. Da 'yarsa ta gaji bayan 'yan shekaru ta roƙe shi ya kashe ta a cikin labarin ta huta, sai ya ƙi, don ya san irin fim ɗin da yake yi.

Rubutu fa? Bai rubuta kowace kalma tun 2002 ba, tun da bai san irin mutumin da yaron zai zama ba. Amma ƙashin bayan labarin yana hannunsa, ya kuma san inda fim ɗin zai tsaya. Kowace shekara sai ya kalli abin da aka ɗauka a baya, ya zauna da yaron ya ji abin da ke ransa a bana, sa'an nan ya rubuta kashi na gaba. Ko sau ɗaya ba a rubuta a allo cewa shekara ta wuce ba. Da askin yaron ake ganewa, da irin wayar da ke hannunsa, da zancen yaƙin Iraƙi, da allunan neman zaɓen Obama na 2008 da suke kafawa a ƙofar gidajen mutane.

Ni dai ba na cikin masu cewa fim ɗin ba shi da aibi. Ya yi tsawo, kuma mazan nan biyu da uwar ta zauna da su bayan uban duk mashaya ne, har ya zama kamar an rasa wata masifar da za a jefa wa gida. Amma ya gane abin da masu shirya fim da yawa ba su gane ba, cewa abubuwan da ke mayar da yaro babba yawancinsu ƙanana ne. Ranar da mijin uwarsa ya sa aka aske masa sumar da yake so ba da yardarsa ba. Ranar da suka bar gari yana hangen abokinsa ta tagar mota, ba su yi sallama ba. Ranar da zai tafi jami'a uwar ta fashe da kuka a kan tebur, domin ta ga rayuwarta ta wuce kamar ƙiftawar ido. A kan wannan rawar ce Arquette ta sami lambar Oscar a 2015.

Yanzu mu komo kan tirela. Fastar Boyhood yaro ne kwance a kan ciyawa yana kallon sama, ba wani abu. Tirelarsa kuma, ta kimanin minti biyu, ta gaya wa mai kallo a rubuce cewa shekara 12 aka yi ana ɗaukarsa, sa'an nan ta bar fuskar yaron tana canzawa a gaban idonka, da waƙa mai sanyi a ƙarƙashi. Abu guda ta sayar, watau za ka ga mutum ya girma, kuma wannan abin yana cikin fim ɗin daga farko har ƙarshe. An iya yin haka ne domin daga gamammen fim aka yanko ta, mai yankan ya san abin da ke cikin tukunya.

Ta ƙanena kuwa, da na tambaye shi samarin nan masu wuƙaƙe su wane ne a labarin, sai ya yi dariya ya ce bai yanke ba tukuna, ya sa su ne don tirela ta yi zafi. Amaryar fa? Ya ce ai mutanenmu ba sa kallon fim in ba biki. Watau cikin minti biyu ya ɗauki alkawari biyu da bai san yadda zai cika ba, alhali labarin da ya ba ni da bakinsa, wanda ya fi kyau nesa ba kusa ba, na yaron da ake yi wa dariyar Hausarsa ne a garin ubansa. In mai jari ya ba da kuɗi saboda wuƙaƙen nan, wuƙaƙe zai nema, dole a karkata labarin a cusa su. In kuwa aka yi fim ɗin gaskiya aka bar tirelar yadda take, wanda ya zo kallon faɗa zai tashi yana zagi, wanda kuma zai so labarin yaron tun farko bai zo ba, tallar ta kore shi.

Kada a zaci wannan ƙaramin abu ne, don a Amurka har kotu an je a kansa. Fim ɗin Yesterday na 2019 an nuna 'yar wasa Ana de Armas a tirelarsa, amma kafin ya fito aka yanke duk fitowarta. Wasu mutum biyu da suka biya dala 3.99 kowannensu suka yi hayar fim ɗin a intanet, suka neme ta suka rasa, sai suka kai kamfanin Universal ƙara a 2022. Kamfanin ya ce tirela aikin fasaha ce, ba a kama ta da laifin ƙarya. Alƙali Stephen Wilson ya ce a'a, tirela talla ce, dokar hana tallar yaudara tana hawa kanta. Daga baya ƙarar ta raunana, masu ƙarar ba su tashi da wani abin kirki ba, amma maganar alƙalin ta shiga tarihi. Mu nan da wuya wani ya kai ka kotu. Zai dai riƙe sunanka, ranar da ka fitar da wani fim ya wuce abinsa.

Akwai kuma wanda ba a sa shi cikin lissafi ba ko kaɗan, shi ne yaron. Ɗan maƙwabta ne, aka roƙi uwarsa ta ba da shi kwana biyu, aka saya masa lemo da takalmi. Cikakken fim kuwa makonni zai ci, ga tafiya Arewa, ga makaranta. Wa zai raka shi? Nawa za a biya shi, kuma a hannun wa? Turawa sun koyi wannan da tsada. Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a fim ɗin The Kid a 1921, ya tara miliyoyin daloli yana ƙarami, da ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye, sai da ya kai su kotu a 1938. A 1939 Kalifoniya ta yi dokar da ake kira da sunansa, wadda a yau take tilasta a ajiye kashi 15 cikin 100 na kuɗin yaro ɗan wasa a asusun da ba mai taɓawa sai ya girma. Ba sai mun jira irin wannan doka ba kafin mu rubuta 'yar takarda da iyayen yaro a gaban shaidu. Abin kunya ne a yi fim a kan yadda manya suke yanke wa yaro hukunci ba a tambaye shi ba, sa'an nan a yi wa wanda ya fito a cikinsa haka nan.

Mun daɗe muna ja-in-ja da ƙanena har aka kira magariba. Na ba shi shawara ya taƙaita labarin ya zama na shekara guda, daga rasuwar uban zuwa sallar da ta biyo baya, na kuma kawo masa misalin fim ɗin farko na François Truffaut na Faransa, wanda ya fito a 1959 da yaro ɗan shekara 14, labarinsa na 'yan watanni ne kawai, har yau kuma ana koyar da shi. Ya ƙi. Ya ce komowar nan Ikko, mutum ya tsaya a ƙofar gidansu wani baƙo ya tambaye shi wa yake nema, ita ce dalilin da ya sa yake son yin fim ɗin. Na yi shiru, na ga ya fi ni gaskiya. Muka tsaya a kan 'yan wasa biyu, saurayin yana cikin motar dare ta komowa gida yana tuna baya, kamar yadda Shaihu yake tunawa a gaban almajiransa. Rubutu ya fara zuwa. Duk fitowar yaron a ɗauke ta a jere cikin babban hutun makaranta, na manya su jira, su ba sa tsawo. Ga masu jari kuma, a kai musu fitowar bakin ƙofar nan ita kaɗai cikakkiya, tare da rubutu da lissafin kuɗi. Tirela sai an gama.

Kafin ya tashi na ce ya kira gidan su yaron mu ji ko uwar za ta yarda da maganar hutu. Ya buga, ya buɗe muryar wayar yadda ni ma zan ji. Aka ɗauka, wata murya mai kauri, tana ɗan karyewa, ta yi sallama. Ƙanena ya zaci wan yaron ne, ya gaishe shi ya ce don Allah a ba shi ƙanen. Aka ce ai shi ne. Ya dube ni, na dube shi.

Jiya ya aiko mini da shafi 11 na rubutu. Ya ce ya fara cigiyar wani yaro ɗan shekara 10 ko 11, wancan kuma yana tunanin ba shi matsayin ɗan baffan da ya fara yi wa baƙon dariya. Maganar kuɗin adashi ita ce ba mu warware ba. Na ce shi zai gaya wa Inna da bakinsa cewa yawancin abin da aka ɗauka ba zai shiga fim ba, ni dai zan raka shi ranar Lahadi. Zancen gidajen sinima kuma sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.